Gigin tsufa: Bashin da dattawan Jega, Aliero da Maiyama ke bin mu

A ƙananan hukumomin Jega, Aliero da Maiyama na Jihar Kebbi, abubuwa da yawa da zaman lafiyar jama'a ya rataya a kansu babu su a takarda. A ƙwaƙwalwar dattawa suke ajiye. Iyakar gonar fadama a bakin Gulbin Zamfara, da wanda ya ba da aron fili shekara arba'in da suka wuce, da bashin buhunan albasa da aka loda zuwa Kudu bisa amana, da nasabar da ake raba gado da ita, duk idan gardama ta tashi a kansu tsoho ake aikawa a kira.

Haka abin yake a fannin sana'a. Garin Jega, wanda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa wajejen 1820, ya shahara da kasuwa tun ƙarni na 19, kuma har gobe mahaɗar hanyoyin Sakkwato, Birnin Kebbi da Yawuri ce. An san Aliero da albasa da kuma ɗorin karaya, ilimin da ɗa ke koya a gaban ubansa ta hanyar kallo da taɓawa. Maiyama ƙasar noma ce, inda tsohon manomi kan kalli hadari ya faɗi ko ruwa zai sauka. Wannan ilimi kaɗan ne daga cikinsa aka rubuta.

Saboda haka, ranar da ƙwaƙwalwar dattijo ta fara ruɗewa, asarar ba ta tsaya a gidansa kaɗai ba. Shi ya sa muke ganin lokaci ya yi da za a fito da maganar gigin tsufa daga ɗaki, a tattauna ta a asibiti, a fada, a masallaci da majalisar ƙaramar hukuma.

Mantuwa iri uku ce

Kuskuren da aka fi yi a gidajenmu shi ne haɗa kowace irin mantuwa a ƙwarya ɗaya, a ce "tsufa ne". Likitoci sun bambanta abu uku, kuma kowanne da abin da ya kamata a yi masa.

Na farko shi ne sauyin da ke zuwa wa kusan kowa. Idan shekaru suka ja, ƙwaƙwalwa takan rage sauri. Dattijo yakan ga fuskar da ya sani sarai, sunan ya maƙale masa a baki, sai bayan an rabu ya faɗo masa. Yakan sha wuya wajen bin magana idan mutum uku suna yi masa bayani lokaci guda a cikin hayaniyar kasuwa. Koyon sabon abu, kamar tura kuɗi ta waya, yakan ɗauke shi lokaci fiye da jikansa. Dalili kuwa shi ne sassan ƙwaƙwalwa da ke riƙe sabon labari da tsara tunani sukan ɗan motse da shekaru, saƙonni kuma su rage gudu a tsakaninsu.

Amma akwai abin da tsufa ba ya saurin taɓawa: tarin kalmomi, da ilimin da aka daɗe da shi, da gwanintar hannu, da iya auna mutane. Tsohon dillalin albasa zai iya manta inda ya ajiye tabarau, amma da ya taɓa buhu zai gaya maka ko albasar za ta yi wata uku a rudu ko ruɓewa za ta yi. Da tsohuwar zuma ake magani. Irin wannan dattijo ba shi da ciwo. Abin da yake buƙata a yi masa magana ɗaya bayan ɗaya, a kuma ba shi lokaci.

Na biyu shi ne gigin tsufa na gaskiya, wanda ciwo ne a ƙwaƙwalwa. Alamarsa ita ce mantuwar ta fara hana mutum tafiyar da rayuwarsa. Zai yi tambaya ɗaya sau biyar a zama guda. Zai ɓace a hanyar masallacin da ya shekara talatin yana zuwa. Mai ciniki zai kasa ba da canji. Tsohuwa za ta ɗora tukunya ta manta, ko ta rantse ba a ba ta abinci ba alhali yanzu ta wanke hannu. Wani yakan sauya hali, ya riƙa zargin iyalinsa da sata. Abin da ke rikita 'yan uwa shi ne mai wannan ciwo yakan ba da labarin zamanin Sardauna dalla-dalla, amma bai san abin da ya faru da safe ba. Haka ciwon yake: sabon abu yake fara ci kafin ya kai ga tsoho. Yana zuwa a hankali cikin watanni da shekaru. Mafi yawansa cutar Alzheimer ce, wadda likitan Jamus Alois Alzheimer ya fara bayaninta a 1906, sai kuma wanda toshewar jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa ke haddasawa, irin wanda ke biyo bayan hawan jini da shanyewar ɓarin jiki.

Na uku shi ne ruɗewar farat ɗaya, kuma ita ce ta fi gaggawa. Dattijon da jiya lafiyarsa ƙalau, yau ya wayi gari yana sambatu, bai san inda yake ba. Wannan sau da yawa alama ce ta wani ciwo a jiki: zazzaɓin cizon sauro, ciwon huhu, ciwon mafitsara, faɗuwar suga ko hawansa, ƙarancin ruwa a jiki a zafin Maris zuwa Mayu, ko wani magani da aka sha. Idan aka kai shi asibiti da wuri aka magance tushen, yawanci hankalinsa yakan dawo. Idan aka zauna ana cewa gigin tsufa ne ya zo, ana iya rasa shi a kan ciwon da ke da magani.

Akwai kuma abubuwan da ke kwaikwayon gigin tsufa alhali ana warkar da su. Ciwon damuwa bayan rasuwar miji ko mata yana sa mantuwa. Ƙarancin sinadarin bitamin B12 yana sa ta. Magungunan barci da wasu na mura da ake saye a kemis ba tare da likita ba suna dusashe tunanin tsoho. Wanda kunnensa ya yi nauyi yakan ba da amsar da ba ta dace ba, a ce ya ruɗe, alhali tambayar ce bai ji ba.

Abin da alƙaluma suka nuna

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 57 ne ke fama da gigin tsufa a duniya a 2021, fiye da kashi 60 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma kusan miliyan 10 ke ƙaruwa kowace shekara.

A Najeriya, binciken da ya fi shahara shi ne wanda aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da birnin Indiyanapolis na Amurka. Sakamakon da aka wallafa a 1995 ya nuna kashi 2.29 cikin 100 na 'yan shekara 65 zuwa sama a Ibadan suna da ciwon, a yayin da aka samu kashi 8.24 a tsakanin baƙaƙen fatar Indiyanapolis. A Arewa, wani binciken da likitoci suka yi a Zariya, aka wallafa a 2011, ya samu ƙasa kaɗan da kashi 3 cikin 100.

Wani zai ce adadin kaɗan ne. Mu ba mu ga abin kwantar da hankali a ciki ba. Idan aka ɗauki ma'aunin Zariya, duk inda aka tara tsofaffi dubu ɗaya akwai kusan gida 30 da ke jinyar wannan ciwo, kuma jinya ce ta shekaru. Sannan haɗarin kamuwa yana ninkawa kusan duk bayan shekara biyar da zarar mutum ya haura 65. Ma'ana, duk nasarar da muka samu wajen tsawaita rayuwa, za ta zo da ƙarin masu wannan larura. Ga kuma hawan jini da ciwon suga suna ƙara yaɗuwa a birni da ƙauye.

Addininmu ya riga ya yi bayani

Babban abin da ke cutar da masu gigin tsufa a ƙasar Hausa shi ne fassarar da ake yi wa halinsu. Tsohuwar da aka tsinta tana yawo da dare, ko tana kiran sunayen mamata, wani wuri sai a fara raɗe-raɗin maita. Wani a ce sammu aka yi masa, wani a ce alhakin mutane ne ya kama shi. Daga nan sai kunya ta sa iyali su kulle shi a ɗaki.

Wannan fahimta ba ta da gindi a addini. Alƙur'ani mai girma ya ambaci matakin tsufan da mutum ke rasa sanin abin da ya sani a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, a matsayin wani mataki na rayuwar ɗan Adam. Suratul Isra'i kuma, aya ta 23 da ta 24, ta yi umarni da tausasa wa iyaye musamman idan tsufa ya riske su.

Malaman hadisi ma sun san wannan larura tun ƙarnonin farko, suka kira ta ikhtilaɗi, wato cakuɗewar hadda a ƙarshen rayuwa. Ta sami manyan maruwaita irin su Aɗa'u ɗan Sa'ib na Kufa da Sa'idu ɗan Abu Aruba na Basra. Malamai ba su zarge su da komai ba, ba su kuma zubar da iliminsu ba. Sai suka kafa ƙa'ida: abin da aka ji daga bakinsu kafin ruɗewar a karɓa, wanda aka ji bayanta a dakata a kansa. Idan wannan ya sami bayin Allah da suka ƙarar da rayuwarsu a hidimar hadisi, da wace hujja za a ce wa tsohuwar unguwa mayya?

Akwai darasi na biyu a wannan ƙa'ida, kuma ya shafi Jega, Aliero da Maiyama kai tsaye. Ilimin dattijo tun yana garau ake karɓarsa.

Fiƙihu ya ƙara da wasu hukunce-hukunce biyu. Wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa nauyin ibada, don haka babu dalilin tsangwamar tsohon da ya rikita raka'o'i ko tilasta masa azumin da zai kwantar da shi. Sannan cinikin wanda ba ya cikin hankalinsa ba ya inganta, kuma alƙali na da ikon naɗa wanda zai kula masa da dukiyarsa.

A nan sai an yi hattara ta fuska biyu. Akwai masu lallaɓa tsohon da ya ruɗe su sa ya dangwala hannu a takardar sayar da gona, ko su riƙe katin bankinsa suna kwashe fanshonsa a wurin masu POS. Akwai kuma 'ya'yan da ke fakewa da 'yar mantuwar da ba ta kai ta kawo ba, su ƙwace ragamar dukiyar mahaifinsu tun yana da cikakken hankalinsa. Duka biyun zalunci ne, kuma abin da zai raba gardama shi ne shaidar likita.

Rigakafin da ke hannunmu

Har yanzu babu maganin da ke warkar da cutar Alzheimer. Amma ba a ce babu abin yi ba. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya fitar da rahoto a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa yana da alaƙa da abubuwa 14 da ake iya gyarawa. Daga ciki akwai ƙarancin karatu a yarinta, hawan jini, ciwon suga, raunin ji, raunin gani da ba a magance ba, shan taba, buguwa a kai, ciwon damuwa, rashin motsa jiki, kaɗaici da gurɓatacciyar iska.

Duk wanda ya san yankin nan zai ga kansa a wannan jeri. Hawan babur ba hular kwano yana kawo buguwar kai. Hayaƙin icce a madafa gurɓatacciyar iska ce da iyayenmu mata ke shaƙa kullum. Yanar ido ta zaunar da tsofaffi da yawa a zaure, alhali aikin cire ta ba ya daɗewa. Yaron da bai shiga aji ba yau, an rage masa garkuwar da za ta amfane shi bayan shekara sittin.

Hawan jini ne ya fi cancantar a fara da shi, domin gano shi ba tsada, kuma akwai hujja mai ƙarfi. A wani gwaji da aka yi a ƙauyuka 326 na ƙasar Sin, aka wallafa a 2025, an bi kusan mutum 34,000 masu hawan jini. A ƙauyukan da aka horar da ma'aikatan lafiya na karkara, waɗanda ba cikakkun likitoci ba ne, su riƙa auna jini suna ba da magani suna bibiya, an samu raguwar gigin tsufa da kusan kashi 15 cikin 100 cikin shekara huɗu. Aikin da ma'aikacin lafiya na ƙauye ya yi a can, takwaransa na Sabiyal, Kimba ko Andarai zai iya yin sa.

Mun san abin da wasu za su ce: jihar da ke fama da tamowa a jikin yara, da mutuwar mata wurin haihuwa, da matsalar tsaro, ina ta ga sararin maganar mantuwar tsofaffi? Tambaya ce mai nauyi. Amsarmu ita ce abin da muke nema ba ya cin kasafin yara. Na'urar auna jini ɗaya ce za ta yi wa mai ciki da kakarta aiki. Maganin hawan jinin da ke kare ƙwaƙwalwa shi ne ke kare mutum daga shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda. Kuma jinyar mai gigin tsufa a kan wa take faɗawa? A kan matar ɗa da ke barin sana'arta, da jika mace da ake hana ta makaranta don ta zauna da kaka. Idan aka yi sakaci da tsoho, yarinya ce ke biya.

Wa zai yi me?

Dokoki da tsare-tsare akwai su. An amince da Manufar Ƙasa kan Tsufa a 2021, a shekarar ce kuma Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa ta fara aiki. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Asibitin Koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar kula da lafiyar tsofaffi tun 2012. Abin da ya rage shi ne waɗannan su sauko daga Abuja su iso ƙofar gidan talaka.

Muna kira ga Gwamnatin Jihar Kebbi da ta sa auna jini da suga ga duk wanda ya haura shekara 40 ya zama aikin yau da kullum a kowace cibiyar lafiya a matakin farko, ta kuma tabbatar akwai maganin a kan kanta. Hukumar KECHEMA ta ba tsofaffi marasa galihu fifiko a rajistar inshorar lafiya. Manyan asibitocin Jega, Aliero da Maiyama su ware rana ɗaya a mako ta ganin tsofaffi, inda za a duba ido da kunne, a tantance magungunan da suke sha, a yi musu gajeren gwajin ƙwaƙwalwa da Hausa. Wanda larurarsa ta fi ƙarfin nan a tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato.

Kwalejin kimiyyar lafiya ta jiha tana cikin garin Jega, kuma ɗalibanta ne ke cika asibitocin karkara. Ya kamata kowane ɗalibi ya fita yana iya bambanta mantuwar tsufa, gigin tsufa da ruɗewar gaggawa. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, tana da aiki biyu a gabanta: ta ƙidaya girman matsalar a ƙauyukan da ke kewaye da ita, ta kuma tura ɗalibai su naɗi ilimin masu ɗori da tsofaffin manoma da masana tarihin garuruwa, da yardarsu, tun suna iya bayarwa.

Hakimai da dagatai da masu unguwanni su jagoranci rubuta iyakokin gonaki da yarjejeniyar aro da jingina a gaban shaidu, tun dattawan da suka san su suna cikin hayyacinsu. Kada kuma su sa hannu a cinikin gonar tsohon da ake shakkar hankalinsa sai an ji ta bakin likita. Limamai su ware huɗuba a kan wannan larura. Ranar 21 ga Satumba, ranar cutar Alzheimer ta duniya, da 1 ga Oktoba, ranar tsofaffi ta duniya, dama ce ta yin hakan.

Su kuma iyalai, nauyin farko a wuyansu yake. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: idan Baba ko Inna suka fara maimaita tambaya ko ɓatan hanya, a kai su asibiti, kada a tsaya jin kunyar maƙwabta. A gida, kada a yi musu gardama a kan abin da suka manta, domin gardamar ba ta dawo da tunani, sai dai ta ƙara firgici. A bar su a ɗakin da suka saba, da lokutan abinci da suka saba. A yawaita ba su ruwa lokacin zafi. A ɗinka lambar wayar wani ɗan gida a jikin rigarsu, musamman a garuruwan da manyan motoci ke ratsawa dare da rana. A nisanta su da wuta da bakin gulbi. Kada a yanke su daga majalisa da masallaci da taron suna, domin kaɗaici yana ƙara ciwon. 'Ya'ya maza kuma su sani cewa aiko da kuɗi daga Abuja ko Legas bai sauke musu nauyi ba. Matar da ke kwana tana tashi da tsoho tana buƙatar wanda zai karɓe ta ta huta.

Dattawan nan sun riƙe mana iyakokin gonakinmu da nasabarmu da sirrin sana'o'inmu shekara da shekaru ba tare da sun nemi lada ba. Abin da suke bin mu bai fi ƙarfinmu ba: a auna jininsu, a rubuta abin da suka sani tun suna iya faɗa, a kare dukiyarsu da mutuncinsu ranar da suka kasa kare kansu. Wanda duk Allah Ya ja kwanansa, layin nan zai shiga. Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya sa mu gama da su lafiya.